Ɗan Jagoran Katako

"Waɗannan katakan dai sai an ɓamɓare su, Alhaji. Wa zai sayi gida bangonsa duk sanduna kamar garken awaki?"

Ina tsaye a bakin ƙofar kicin na ji wannan magana. Muryar ban san ta ba. Amma na san ƙarar tef ɗin awo, shekara bakwai ina jin ta a gidan nan. Ƙirrr... tas!

"Yaya, wane ne wannan ka shigo mini da shi har falo ba sallama?"

"Mun yi sallama, ke ce ba ki ji ba," in ji Yaya Babba, wan mijina.

"Ido ne ba ni da shi, Yaya. Kunnena ras yake."

Ya yi gyaran murya. "Dillali ne. Ya zo ya duba gidan."

"Ya duba shi? Ciwo gidan yake yi?"

"Kada ki mayar da maganar wasa. Shekaran jiya kika fita takaba, mun yi miki kawaici iya kawaici. Gado ne, ba ni na tsara shi ba. Ba ki haihu da marigayi ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne naki. Inna tana da nata, mu 'yan'uwansa muna da namu. Gida kuma ba burodi ba ne balle a yanka wa kowa. Sayarwa za a yi."

"To a ba ni ɗaki ɗaya a rabona! Ɗaki da kicin da banɗaki, shi ke nan. Wallahi ko tari na ba za a ji ba!"

"Wa zai sayi gida da mace a ciki?"

"Ai kuwa dai, Hajiya..." dillalin ya tsoma baki.

"Kai kuma da wa? Na kasa da kai ne?"

Na saki ƙofar kicin na bi katakon bango, taku shida, na durƙusa daidai inda nake jin numfashin Yaya. Na laluba na kama gefen rigarsa.

"Yaya, ka dubi girman Allah... Ba kuɗi nake so ba, ku riƙe rabona duka. In kuka fitar da ni daga gidan nan, kun makantar da ni karo na biyu!"

Ba mugu ba ne Yaya, ba zan yi masa ƙarya ba. A hankali ya zare rigarsa daga hannuna.

"Inna ce ta ce a gaggauta. Ranar Asabar masu aiki za su zo su cire katakan, a yi fenti. Ki fara haɗa kayanki."

Ƙararrawar da ke jikin ƙofar gida ta kaɗa, sun fita. Na zauna daɓas a ƙasa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

*

Bari in gaya muku abin da dillali ya kira garken awaki.

Ina malamar firamare na haɗu da mijina, lokacin idona garau. An ɗauko shi ya gyara bencinan ajina. Maganar farko da na yi masa a duniya ita ce, "Malam kafinta, bencin nan a karkace yake."

Ya ɗago, fensir a bayan kunne, dusar katako har a girarsa.

"Bencin daidai yake, Malama. Ƙasar ce a karkace."

Sau uku ya dawo gyaran bencin da ba abin da ya same shi. A na huɗu ya ce, "Malama, ƙusoshina sun ƙare, dalilaina ma sun ƙare. Ina ne gidanku?"

Haka muka yi ta yi har bayan aure. Ya ƙera abu, in ce a karkace yake, ya ce ƙasar ce. Ni ina ce masa Kafintana, shi yana ce mini uwar ɗakinsa.

Shekara guda da aurenmu ido ya fara. Ta gefe ya soma cinyewa, kamar ina leƙen duniya ta cikin bututu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Kafin shekara ta zagayo komai ya ɗauke.

A nan falon Inna, mahaifiyarsa, ta zo ta zauna. Ina ɗaki, ƙofa a buɗe, kuma ta san a buɗe take.

"Auta, ba haihuwa, ba ido. Me za ka yi da ita? Mayar musu da abarsu tun kana da sauran ƙuruciya. Makauniya ai kaya ce, sai dai a ɗauka."

"Inna, ki yafe mini," ya ce. "Wannan kayan ni na ɗauka, kuma bai yi mini nauyi ba."

Tun daga ranar ƙafar Inna ba ta sake taka gidan nan ba.

Ni kuwa maganarta ta zauna mini daram. Wata uku ina kwance, fuska a bango. In zan shiga banɗaki sai ya kai ni, in zan sha ruwa sai ya miƙo mini. Na tsani kaina, na tsani tausayin da ke cikin muryarsa. Sai wata safiya na ji guduma. Kwana tara ana abu ɗaya, zarto, guduma, zarto, guduma.

"Kafinta! Rushe gidan za ka yi a kaina?"

Ya zo ya tayar da ni tsaye, ya kama hannuna ya ɗora a kan wani katako mai santsi da ke jikin bango, daidai inda hannuna yake sauka ba tare da na ɗaga ko na duƙa ba.

"Ga ɗan jagoranki, uwar ɗakina. Ba ya gajiya, ba ya tsiwa, ba ya neman ladan rakiya. Bi shi."

Na bi shi. Ya zagaye gidan kaf, daga gado zuwa falo, daga falo zuwa tsakar gida, har igiyar shanya. A bakin kowace ƙofa ya yi masa tsaga. Tsaga ɗaya kicin. Biyu banɗaki. Uku ɗakinmu.

"Me ya sa ɗakinmu uku?"

"Ni, da ke, da rigimarki."

Na yi dariya, karo na farko cikin wata uku, sannan na fashe da kuka a ƙirjinsa. Da na gama na share fuska na ce, "Na wajen kicin ɗin a karkace yake."

"Alhamdulillahi!" ya ce da ƙarfi. "Matata ta dawo!"

A cikin gidan nan ni ba makauniya ba ce. Ina girki, ina shara, ina wanki ina shanya. Gwangwanin gishiri murfinsa mai ƙulli ɗaya ne, na sukari biyu, duk shi ya sassaƙa. Ina zaune a kujerata ta bakin taga ina saƙa huluna da safar jarirai, mata suna zuwa har gida suna saya. Baƙuwa takan yi rabin awa muna hira kafin ta gane. Amma da na taka waje da ƙofar gida, maganar Inna ta tabbata, na koma kaya.

Abu ɗaya ne ke cin raina har yau. Mako guda kafin rasuwarsa ya sake ɗaukar guduma. A ɗakin baya, inda muke tara tarkace, ya kwashe komai ya kafa sabon katako, ya jawo shi ta bangon hagu na lungun da ke zuwa falo. Na je na taɓa. Ƙasa yake da nawa da taƙi guda cur.

"Kafinta, tsufa ya kama ka ne? Wannan ai sai na duƙa!"

"Haka yake daidai."

"Daidai da wa? Ƙasar ce kuma ta taso?"

Bai yi dariya ba.

"Akwai magana, amma ba tawa ba ce ni kaɗai. Bari in samo izini tukuna."

"Ni za ka ɓoye wa magana? A gidana?"

Na ɗaure fuska kwana da kwanaki. Ranar ƙarshe da zai fita aiki ya tsaya a kaina.

"Hasken idona, ba za ki ce mini a dawo lafiya ba?"

"Sai ka gyara katakon."

Ya yi 'yar dariya, ya matsa yatsuna, ya fita. Kafin azahar aka zo aka gaya mini tsani ya zame da shi daga kan rufin wani bene.

Sai ka gyara katakon. Maganar da na sallami mijina da ita ke nan. Wayyo ni, wayyo bakina!

*

Ranar Laraba na roƙi maƙwabciyata ta kai ni wurin Inna, a gidan Yaya Babba. Ba ni da wata dabara. Iyayena sun rasu. Gwaggona ta ce in zo, Allah Ya saka mata, amma ɗakinta ɗaya ne a hawa na uku, su bakwai a ciki, famfo kuma yana ƙasa.

Rabona da fita tun ranar jana'iza. Maƙwabciyar tana ja na kamar akuyar da za a kai kasuwa, tana ta "ga rami", "ga dutse", bayan na riga na taka. A falon Yaya na buga ƙaurina da tebur har sai da na ji jini yana bin ƙafata.

"Ayya, sannu! Bi a hankali, kin ji?" in ji matar Yaya, da irin muryar da ake lallashin yaro.

Aka kai ni ƙofar ɗakin Inna. Muna tsaye a gabanta, rana tsaka, na yi sallama.

"Wa ke nan?"

"Matar Auta ce, Inna," in ji matar Yaya.

"Na gan ta ai. Me ya kawo ta?"

Na durƙusa na gaishe ta. Na ja gwiwa, na ja, har sai da na ji ɗumin ƙafafunta kusa da ni.

"Inna, na zo roƙo ne. Na san ba kya so na, ban kuma zo in ce ki so ni ba. Amma gidan nan... ɗanki ne ya yi shi da hannunsa. Duk inda na taɓa, hannunsa nake taɓawa. In aka cire katakan nan, Inna, ban san inda zan sake samunsa ba..."

"Ni ina na same shi?" Muryarta ta fito da kaifi. "Ke kin samu katako, ni me na samu? Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga miki ƙusa a bango, ko jika bai bar mini ba!"

Wani abu ya ɗan tsaya mini. Ina gindin ƙafarta, amma muryarta tana wucewa ta saman kaina, can bakin ƙofa take nufa, inda na fara tsayawa. Na ce a raina, kallona ne ma ba ta son yi.

"Inna, ko wata shida a ƙara mini, in koyi..."

"A sayar! Duk na tuna gidan nan ƙirjina zafi yake. A sayar in huta!"

Na ji ta ajiye kofi. Tas! Ya tarwatse a ƙasa, ruwan shayi ya fallatso mini a hannu.

"Kai, Inna, kwana biyun nan kofi na uku ke nan," in ji matar Yaya.

"To sai me? Da kuɗinki aka saya? Ke kuma tashi ki ba ni wuri!"

Na tashi. Da muka iso gida, hannuna ya sauka a kan katakon, sai na rungume bango ina kuka kamar shi ne mutumin.

*

Asabar da hantsi suka zo, Yaya da dillali da masu aiki biyu. Ban haɗa ko tsinke ba.

"Daga falo za ku fara," in ji dillali.

Aka jawo kujeru tsakiyar ɗaki. Aka ɗauke kujerar saƙata daga bakin taga. Sannan na ji an soka ƙarfe a bayan katakon.

Ƙiiiii...

Kun taɓa jin kukan ƙusa idan ana zare ta daga inda ta shekara biyar? Ni na ji, kuma a haƙarƙarina na ji shi.

"Ku bari! Don Allah ku bari!" Na kankame katakon da hannu biyu. "Kwana tara ya yi yana kafa shi! Yaya, ka ce su bari!"

"Ki saki, kada ƙusa ta ji miki ciwo," in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ta ji mini! Ta kashe ni ma!"

Katakon ya taho a hannuna. Wani ya zare shi a hankali ya jefar a tsakar gida. Na miƙa hannu, bango ne kawai, sai ramukan ƙusa. Na juya in nufi kicin, na yi karo da kujera. Na juya, ƙafata ta ture bokitin fenti. Na sake juyawa, ban san gabas ba, ban san yamma ba. A falona! Falon da nake sharewa kullum safiya!

"Kafinta..." na ji bakina yana kira. "Kafintana, ina kake? Zo ka ga..."

Har masu aikin sun tsaya.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Na ji muryar matar Yaya, sannan wata muryar da rabon gidan nan da ita shekara biyar.

"Akwatin kayan aikinsa na zo ɗauka, kada ya bi hannun mutane. Ina yake?"

Na share fuska da gefen mayafi. "Yana ɗakin baya, Inna."

"Bari in ɗauko miki," in ji Yaya.

"Ban aike ka ba. Kayan ɗana ne, ni zan fara taɓa su. Kada wanda ya biyo ni."

Ta ratsa falon. Ni kuwa sana'ata ce sauraron tafiyar mutane. Inna da na sani tafiyarta ƙwas-ƙwas ce, kamar mai zuwa rabon faɗa. Wannan kuwa ja take yi. Ƙafa ta fita, ta taɓa ƙasa, ta tambaye ta, sannan ɗayar ta biyo. Na san wannan tafiyar. Na yi ta.

Ta shiga lungun da ke zuwa ɗakin baya. Lungun ba taga, Kafinta ya sha cewa ko da rana duhu ne. Takunta ya tsaya cak. Na ji tafin hannu yana shafa bango, yana nema.

Sai na ji shi.

Shuuu...

Sautin hannu a kan katako mai santsi. Ba a bangon dama ba, inda nawa yake. A bangon hagu.

Na rarrafa da gwiwa, fenti yana manne mini a zane, har na samu bakin lungun. Na miƙe, na duƙa na ɗora hannuna a kan gajeren katakon nan da na yi wa mijina gori a kansa. Na bi shi a hankali har cikin ɗakin baya, har yatsuna suka ci karo da nata.

Ta zabura. Ban saki ba. Na shafa hannunta zuwa gwiwar hannu, zuwa kafaɗa. Ba ta duƙa ba, ba ta ɗaga ba. Inna gajeruwa ce, da kyar ta kawo kafaɗata. Hannunta a kan katakon yake zaune daram, kamar da ita aka auna.

Da ita aka auna.

Na mayar da ƙofa na rufe.

"Inna... tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Sakar mini hannu!"

"Tun yaushe idon ya tafi?"

"Ke, ki kiyaye ni! Ni kike wa fatan makanta? Idona ƙalau!"

"Ranar Laraba ina gindin ƙafarki, kina yi wa ƙofa magana. Kofin nan ba suɓucewa ya yi ba, gefen tebur kika rasa. Inna, kowa za ki ɓoye wa, ban da ni."

Numfashinta ya fara sarƙewa. Sai na ji ta sulale ta zauna a kan akwatin kayan aikin.

"Shekara guda da rabi," ta ce, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. "Ciwon sukari ne ya ci shi. Na dama ya tafi. Na hagu inuwa-inuwa kawai nake gani, ita ma kullum raguwa take. Auta kaɗai ya sani, shi yake kai ni asibiti a ɓoye. Na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Balle ke."

"Don me, Inna?"

"Don me? Da wane bakin? Ni da na zauna a falon can na ce makauniya kaya ce?" Ta ja hanci. "Ya ce in dawo nan, wai ke za ki koya mini yadda ake yi. Na ce masa gara in faɗa rijiya. Shi ya sa nake so a sayar... duk na tuna gidan nan, bakina nake tunawa. Ban san ya fara ba. Wallahi ban san ya fara ba!"

Na kama hannunta na mayar kan katakon, na ja shi zuwa kusurwa.

"Taɓa nan. Na daɗe ina tambayar kaina amfanin wannan 'yar ƙusar katakon."

Ta shafa. "Ta rataye carbi ce... A gefen dama nake rataye shi, kusa da kaina. Ya sani." Muryarta ta karye. "Auta! Wayyo Autana!"

"Ni kuwa faɗa na yi masa, Inna. Na ce ya yi ƙasa da yawa. Ranar da zai tafi ya ce in yi masa a dawo lafiya, na ce sai ya gyara katakon... Ashe daidai yake. Ashe bai taɓa yin aikin da ya kai wannan daidai ba!"

Ban san wadda ta fara kama wata ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa, kaina a cinyarta, hawayenta yana ɗiga a wuyana, ɗakin duk ƙamshin dusar katako.

Ƙiiii... Daga falo wata ƙusar ta yi kuka.

Inna ta miƙe zumbur. "Kai ni."

"Inna, in kika faɗa, kowa zai sani..."

"Na ce ki kai ni!"

Muka fito, ita a bangon hagu, ni a na dama, har bakin falo.

"Babba! Ce musu su ajiye ƙarfen nan."

"Inna, ke kika ce a..."

"Ni na ce, ni kuma na fasa. Zo nan. Tsaya a gabana." Na ji takunsa ya matso. "Wace irin riga ce a jikinka?"

"Riga kuma? Inna, ga ta kina gani..."

"Ba na gani. Rabona da fuskarka tun bara. A gidanka nake, kullum kana gaishe ni, ba ka lura ba. Matarka tana ƙirga kofuna, ba ta lura ba. Wannan da na kira kaya, zuwa ɗaya ta yi ta gane."

"Innalillahi..." in ji matar Yaya. Inna ta koma kan Yaya.

"Ƙaninka ya sani. Ɗakin baya ni ya shirya wa. Ban hana ku gadonku ba, haƙƙinku ne, ba ni da ikon cinye shi. Amma rabona da nata a bar su a cikin bangon nan. Naku kuwa, roƙonku nake, ni da na haife ku, ku jira. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da ni da gidan."

"Inna, daina..." in ji Yaya. "Don Allah daina."

"Ita kuma," Inna ta ci gaba, "ko bayan raina, wanda ya fitar da ita bai nemi albarkata ba. Ka gaya wa sauran 'yan'uwanka, ko su zo in gaya musu da bakina."

"To ni fa, Alhaji?" in ji dillali. "Na riga na yi wa mai saye magana..."

"Malam, ƙofa tana bayanka," in ji Yaya.

Ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfi. Sai na ji Yaya ya fita tsakar gida, ya jawo katakon da aka jefar.

"Ba ni gudumar nan," ya ce wa mai aikin.

Yaya ɗan kasuwa ne, bai taɓa buga ƙusa ba a rayuwarsa. Sau biyu ya daki yatsansa. Yana bugawa yana jan hanci, yana cewa fentin ne ya shiga masa ido. Da ya gama ya ce, "Taɓa ki ji."

Na taɓa.

"A karkace yake, Yaya."

"To... ko in cire?"

"Bar shi," na ce. "Ƙasar ce."

Ban san ko sauran 'yan'uwan za su yarda ba. Yaya ya ce zai yi magana da su, biyu daga ciki masu taurin kai ne, bai yi mini alkawari ba. Amma a ranar aka kawo katifar Inna da jakarta.

Da la'asar ta yi, na ji ta kira daga ɗakin baya.

"Ke... 'yar nan. Ina son in yi alwala."

Shekara bakwai ban taɓa jin ta kira ni da abin da ya wuce "ke" ba.

"Taso, Inna. Hannu a kan katako. Kada ki kalli ƙasa, ba abin da za ta gaya miki. Ki bar hannun ya yi gaba, ƙafa za ta bi."

Shuuu... Taku ɗaya. Biyu. Ta fito daga ɗakin, ta bi lungun. Ina gefenta ina ƙirga mata. A taku na tara na ji ta ja numfashi da ƙarfi.

"Ya ƙare! Katakon ya ƙare, ba komai a nan!"

Na sani. Akwai ƙusa ɗaya a wurin da ya buga rabi, yana nufin ya ƙarasa in ya dawo. Saura taku biyar a kai banɗaki.

"Nan ya tsaya, Inna."

Hannunta yana neman katako a cikin iska. Na laluba na kama shi, na ɗora a kan nawa, na sauke nawa ƙasa da taƙi guda.

"Daga nan ni ce," na ce. "Taho."